Robar Cikin Ƙoda da Haɗarin Shigar Cuta: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda aka cire wa tsakuwar ƙoda, ko aka gyara masa hanyar fitsarin da ta toshe, sau da yawa akan sallame shi da wata siririyar roba a cikin jikinsa. Ba a ganinta daga waje, shi ya sa wasu ke mantawa da ita, wasu kuma ba su ma fahimci an bar masu wani abu a ciki ba. Robar tana ceton ƙoda, amma baƙuwa ce a jiki, kuma ƙwayoyin cuta na samun wurin zama a kanta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda majinyata da masu jinyarsu suka fi yi a Sakkwato da kewaye.

Wace irin roba ce wannan, kuma a ina take zaune?

Kowace ƙoda tana da magudana guda ɗaya da ke kai fitsari zuwa mafitsara, tsawonta a jikin babba kamar santimita 25 zuwa 30. A cikin wannan magudanar ake zura robar. Likitoci na kiranta sitent, a takardar sallama kuma galibi za ka ga an rubuta DJ. Kaurinta kamar milimita 2 ne, tana da rami a tsakiya da ƙananan huji a jikinta, kuma bakinta biyu duk a naɗe suke: ɗaya na kwance a cikin ƙoda, ɗaya a cikin mafitsara, don kada ta zame sama ko ƙasa. Wadda aka fi sa wa manya tana da tsawon santimita 24 ko 26. Tun 1978 ake amfani da wannan samfurin mai lanƙwasa biyu.

Daban take da robar fitsari ta waje, wadda ake haɗawa da leda. Ita waccan kana ganinta. Ana iya cire ta waje a bar ta ciki, kuma a nan ne ruɗani ke farawa: mutum ya ga an zare masa roba kafin sallama, sai ya ɗauka shi ke nan babu sauran komai.

Me ya sa aka sa mini ita?

Mafi yawa saboda tsakuwa ne. Ko dai tsakuwar ta tare hanya, fitsari ya taru ƙoda ta kumbura, ko kuma an shiga da na'ura an fasa ta, magudanar ta yi kumburi, ana tsoron ta rufe kafin ta warke. Akwai kuma wanda tsargiya ta daɗe a jikinsa har ta bar tabo ta ƙuntata ƙasan magudanar, abin da ba baƙo ba ne ga mutanen da suka tashi suna wanka da kamun kifi a gulbin Rima da yankin madatsar Goronyo. Akan sa wa macen da aka ji wa magudana rauni wajen tiyatar haihuwa ko cire mahaifa, da wanda ƙari ya danne masa hanya daga waje, da wanda aka yi wa dashen ƙoda.

In dai a ɗakin tiyata mai tsafta aka sa ta, ta ina cuta ke shiga?

Ta hanyoyi uku, kuma kowace da lokacinta.

Ta farko ita ce ranar aikin kanta. Wajen fasa tsakuwa ana tura ruwa da ɗan ƙarfi cikin ƙoda don likita ya ga gabansa. Idan da ma akwai ƙwayoyin cuta a fitsarin, ko a ɓoye cikin tsakuwar, wannan matsin na iya tura su cikin jini. Shi ya sa kwana ɗaya zuwa biyu na farko bayan aiki suka fi kowane lokaci haɗari, kuma yawan daɗewar aikin yawan haɗarin.

Ta biyu takan zo sannu a hankali. Cikin 'yan kwanaki, sinadaran fitsari kan lulluɓe jikin robar, ƙwayoyin cuta su manne, su gina wa kansu wani santsi mai kama da wanda ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. A ƙarƙashin wannan santsin magani ba ya isa gare su sosai, sojojin jini ma ba sa kai masu. Saboda haka za a iya shan magani fitsari ya yi tas, amma robar na nan ɗauke da su, suna jiran dama. Kowane mako da robar ta ƙara, yawansu na ƙaruwa.

Ta uku ta shafi yadda Allah ya tsara mafitsara. A inda magudana ke shiga mafitsara akwai wata 'yar ƙofa da ke rufewa idan mutum na fitsari, don kada ya koma sama. Robar na riƙe wannan ƙofar a buɗe. Duk lokacin da aka yi yunƙurin fitsari, kaɗan daga ciki na komawa ƙoda, kuma in akwai cuta a mafitsara sai ta bi shi ta hau. Cutar da a da za ta tsaya a mafitsara ta ba da zafin fitsari kawai, yanzu tana da buɗaɗɗiyar hanya zuwa ƙoda.

Ina yawan fitsari, yana mini zafi, wani lokaci har da jini. Cuta ce ta shiga?

Ba lallai ba. Yawancin masu ɗauke da robar suna jin wani abu daga cikin waɗannan, don naɗin da ke cikin mafitsara yana gogar bangonta. Mutum zai ji fitsari ya matse shi, ya je ya yi ɗan kaɗan, ya dawo ya sake ji. Zai ji nauyi a mara, da zafi a ƙarshen fitsari. Wasu sukan ji sara a kwiɓi daidai lokacin da suke fitsarin, wanda komawarsa sama ke jawowa, ya lafa bayan 'yan mintuna. Fitsari kan yi ja-ja kamar an ɗiga zoɓo a ruwa, musamman bayan aiki mai nauyi ko doguwar tafiya, ya washe idan aka huta aka sha ruwa.

Duk wannan damuwa ce ta robar, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kawar da ita. Akwai magungunan da likita kan rubuta don sassauta ta, irin su tamsulosin, wanda ke iya sa jiri idan aka miƙe da sauri, don haka aka fi so a sha shi da dare. A kuma guji taurin bayan gida, don yana ƙara matsin.

Jinin da ba a yarda da shi ba shi ne mai kauri, mai gudaji, ko wanda ya hana fitsari fita.

To yaya zan gane cuta ta shiga da gaske?

Zazzaɓi. In ka riƙe abu ɗaya daga wannan shafin, riƙe wannan: mai roba a ƙoda da zafin jikinsa ya kai digiri 38 ko ya wuce, asibiti zai tafi a ranar, ko da tsakar dare ne. Idan har da rawar sanyi mai sa haƙora karo, mutum ya nemi bargo a cikin zafin Afrilu, to akwai yiwuwar ƙwayoyin sun riga sun shiga jini.

Sauran alamun su ne ciwon kwiɓi da ba ya lafawa, amai har ruwa ba ya zama a ciki, fitsari ya yi kauri da wari ko ya zo da mugunya, ko ya ragu ƙwarai. Waɗanda suka fi tayar da hankali kuwa: numfashi sama-sama, bugun zuciya da sauri, jiri idan an tashi zaune, hannu da ƙafa su yi sanyi, ko mutum ya fara sambatu da yawan barci. Ga tsofaffi da masu ciwon suga, wani lokaci jikin ba ya yin zafi sam, ruɗewa da kasala kaɗai za a gani. Baba ya kwana lafiya, da safe bai gane jikokinsa ba, ya ƙi abinci: kada a tsaya cewa tsufa ne ko iska.

Ma'aunin zafin jiki ba shi da tsada a kemis, kuma ya kamata kowane gida mai irin wannan majinyaci ya ajiye ɗaya. A auna kafin a sha farasitamol, don yana sauke zafin ya ɓoye gaskiyar lamarin, cutar kuma na ci gaba da aikinta.

Amma ai zazzaɓi a nan maleriya ce. Ba sai in fara shan maganinta in gani ba?

Wannan tunanin shi ke cinye kwanaki uku mafi muhimmanci. Gaskiya ne zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, musamman daga damina zuwa kaka, kuma alamunsa sun yi kama da na cutar ƙoda: zafi, rawar sanyi, ciwon jiki, amai. Gwajin maleriya na yatsa minti 15 zuwa 20 ne, a yi shi. Amma ko ya nuna akwai, bai wanke ƙoda ba, don mutum na iya ɗaukar biyun a lokaci guda. Haka nan sakamakon da ake cewa taifod, wanda sau da yawa ba ya tabbatar da komai. Mai roba da zazzaɓi sai an duba fitsarinsa da jininsa, an kuma yi masa sikanin don a ga ko ƙodar ta kumbura.

Idan kana nesa, a ce Isa ko Tangaza ko Illela, je asibiti mafi kusa a fara maka abin da ya sawwaƙa, amma kalmar farko da za ka gaya wa ma'aikacin lafiya ita ce akwai roba a ƙodarka, da ranar da aka sa ta. In babu sauƙi cikin yini guda, ko alamun nan masu tsanani sun bayyana, a nemi takardar turawa zuwa inda ake da likitocin mafitsara, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Su wa suka fi shiga haɗari?

Masu ciwon suga su ne a gaba, musamman in sugan ba ya daidaita, don fitsari mai suga abinci ne ga ƙwayoyin cuta, garkuwar jiki kuma ta yi rauni. Mata sun fi maza, saboda gajartar hanyar fitsarinsu ta waje. Sai masu juna biyu, tsofaffi, masu ciwon ƙoda da ya daɗe, masu cutar da ke karya garkuwar jiki, masu shan magungunan danne garkuwa bayan dashe, da wanda ke ɗauke da robar waje tare da ta ciki. Wanda aka taɓa samun cuta a fitsarinsa kafin aiki, ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sau da yawa a 'yan watannin baya, shi ma a sa masa ido. Haka wanda robar ta haura wata guda a jikinsa kafin a shiga fasa tsakuwar.

Me ya kamata a yi kafin aiki don a rage wannan haɗarin?

A yi gwajin rainon fitsari, wanda ake rubuta M/C/S a takarda. Ana shuka fitsarin a ɗakin gwaji, a ga wace ƙwaya ce ta tsiro da kuma wane magani ke kashe ta. Yana ɗaukar kwana 2 zuwa 3, saboda haka ba ranar aiki ake kawo shi ba. In an sami cuta sai a yi maganinta tukuna, ko da hakan zai sa a ɗaga ranar tiyata. Mun san ɗaga rana na da ciwo ga wanda ya taso daga nesa ya kashe kuɗin mota da masauki, amma shiga ƙoda da na'ura alhali fitsarin na da cuta ganganci ne da rai.

A ranar aiki akan yi allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta don rigakafi sau ɗaya cikin awa guda kafin a fara. Mai ciwon suga ya tabbatar an daidaita sugansa. Kuma ka gaya wa likita duk maganin da ka sha a makonnin baya, har wanda ka saya da kanka, don yana iya sa gwajin ya fito babu komai alhali akwai.

Yaya ake ɗibar fitsarin gwaji?

A karɓi kwalbar ɗakin gwaji mai murfi, ba kwalbar magani da aka wanke a gida ba. A wanke hannu, a wanke gaba da ruwa. A fara fitsarin a zubar da na farko, a tari na tsakiya ba tare da an tsaya ba, a rufe nan take, yatsa bai taɓa cikin kwalbar ko murfin ba. Ya isa ɗakin gwaji cikin awa 2, gwamma ma kafin haka, don a zafin garin nan ƙwayoyin da suka faɗa ciki daga fata kan hayayyafa da sauri su ɓata sakamakon. Mafi sauƙi a yi shi a can asibitin. Kuma a ɗiba kafin a sha ƙwayar magani ta farko.

Gwajin nan na tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari ba ya wadatarwa ga mai roba. Kusan kullum zai nuna jini da alamar kumburi, ko da cuta ko babu, saboda gogar robar.

Gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta amma ni lafiya lau nake ji. In sha magani?

Galibi a'a. Samun ƙwayoyi a fitsarin mai roba ba tare da zazzaɓi ko wata sabuwar alama ba abu ne da aka saba gani, kuma yi masu magani ba ya kore su daga jikin robar, sai dai ya kashe masu rauni ya bar masu taurin kai. Wuri biyu ne ake yin magani ko babu alama: idan mace na da ciki, da kuma idan za a sake shiga hanyar fitsarin da na'ura. Likitan da ya sa robar shi zai yanke.

Ba gara in riƙa shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kullum har a cire ba?

Ba ya hana robar ɗaukar ƙwayoyi, kuma yana haifar da matsalar da ta fi ta farko. Ƙwayoyin da aka fi samu a hanyar fitsari, irin su E. coli da Klebsiella, da yawansu sun daina jin magungunan da ake saye a kemis ba takarda, su Septrin da Ampiclox da sifro. Dalili kuwa shi ne yadda ake shansu: ƙwaya biyu yau, uku gobe, a daina da an ji sauƙi. Ranar da cuta ta hau ƙoda da gaske, sai a tarar abin da ya rage mai aiki allurai ne masu tsada da sai an kwanta asibiti.

Akwai wasu kurakurai uku da suka cancanci a ambata. Nitrofurantoin magani ne mai kyau ga cutar mafitsara, amma ba ya taruwa a naman ƙoda, don haka ba ya maganin mai zazzaɓi da ciwon kwiɓi. Allurar gentamicin kuwa, da ake yawan yi wa mutane a shago, tana iya lalata ƙoda da ji idan ba a auna ƙarfin ƙodar an daidaita adadin ba. Haka magungunan ciwo irin su diclofenac da ibuprofen: suna taimakawa, amma ga wanda ƙodarsa ta raunana, ko mai ƙoda ɗaya, ko wanda amai ya ƙarar masa da ruwan jiki, suna iya kashe ƙodar. Kada a sha su sai da izinin likita.

Wannan shi ne ciwon sanyi? Zan iya shafa wa iyalina?

A'a. Ƙwayoyin da ke kama robar galibi daga hanjin mutum da fatarsa suke fitowa, ba daga abokin zama ba. Babu dalilin zargi tsakanin miji da mata, babu kuma buƙatar a haɗa su biyun a yi masu magani. Saduwa ba ta da laifi idan jiki ya yi ƙarfi kuma likita bai hana ba, sai dai in robar mai zare ce da ke leƙowa waje, wannan a haƙura har a cire. Yin fitsari bayan saduwa na taimakawa, mace kuma ta riƙa tsarki daga gaba zuwa baya.

Magungunan sanyi da ake tallatawa a kasuwa da lasifika, a jarka ko a ƙulli, ba wanda ya san abin da ke cikinsu da adadinsa, kuma ƙodar da ke fama ita ce za ta tace su. Ba sa narkar da roba, ba sa wanke ta. Jiƙon kanwa ma a bar shi, gishiri ne mai yawa, ba abin da zai ƙara wa mai tsakuwa sai nauyi.

Ruwa nawa zan sha?

Lita 2 da rabi zuwa 3 a yini ga babba, wato ledar fiya wata 5 zuwa 6, a rarraba daga safe zuwa dare. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zufa na kwashe kaso mai yawa, sai an ƙara. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne launin fitsari: in ya yi fari-fari ruwan ya isa, in ya yi ruwan ɗorawa mai duhu da saura. Mutane da yawa sukan rage shan ruwa don gudun yawan zagayawa, alhali fitsari mai kauri ya fi zafi, ya fi kuma saurin tara dutse a jikin robar. Kada kuma a riƙe fitsari.

Banda mai ciwon zuciya ko wanda ƙodarsa ta gaza har aka ƙayyade masa ruwa. Shi ya bi adadin da likitansa ya ba shi.

Azumi fa? Da kuma alwala, tunda fitsari na ɗiga?

Yini guda babu ruwa a yanayinmu yana kawo daidai abin da ake gudu. Wanda aka yi wa aiki cikin 'yan makonnin nan, ko yake shan maganin cuta, ko mai ƙoda ɗaya, ko mai suga, shawarar likita galibi ita ce ya ajiye ya rama. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Wanda likita ya amince masa ya ɗauka, to ya cike adadin ruwansa tsakanin buɗa-baki da sahur, ya kuma karya da zarar zazzaɓi ko ciwon kwiɓi ya taso. In aikin ba na gaggawa ba ne, ana iya roƙon a tsara shi yadda za a cire robar kafin watan ya kama.

Hukuncin mai ɗigar fitsari sananne ne a fiƙihu, malamin unguwa zai yi bayani. Ta ɓangaren lafiya dai, ɗan ɗigo bayan matsuwa abu ne da aka saba. Amma idan fitsari ya koma zuba ba tsayawa dare da rana, wataƙila robar ta zamo ƙasa ta wuce maƙogwaron mafitsara. A koma asibiti, kada a ja ta ko da an ga bakinta.

Zan iya komawa aiki, ko in hau babur?

Aiki marar nauyi bayan 'yan kwanaki, e. Noma, ɗaukar buhu da doguwar tafiya a kabu-kabu kan hanya mai gargada sukan tayar da jini da ciwo, ko da yake ba su ne ke kawo cuta ba. In hakan ta faru a huta yini guda a sha ruwa.

Har yaushe za ta zauna?

Ya danganta da dalilin sa ta. Bayan fasa tsakuwa, daga 'yan kwanaki zuwa mako 2. Bayan ɗinkin magudana ko gyaran bakin ƙoda, mako 4 zuwa 6. Wanda zai zauna da ita na dogon lokaci, kamar mai ƙari, akan canza masa sabuwa duk wata 3 zuwa 6, sai dai in wata ta musamman ce da aka yi don ta fi haka daɗewa. Babu wadda ake sawa a bar ta har abada.

Kafin ku bar asibiti ku yi tambaya uku, a rubuta maku amsar a kati: akwai roba a ciki? Wane ɓangare, dama ko hagu ko duka biyu? Wace rana za a cire? A sa ranar a waya, a kuma gaya wa mutum biyu a gida. Idan majinyacin tsoho ne ko yaro, wanda ya yi jinyarsa shi ke da alhakin wannan ranar.

Idan ranar ta wuce fa? Ni ban jin komai.

Rashin jin komai ba shaida ba ce. Gishirin fitsari na taruwa a jikin robar sannu a hankali har ya zama dutse, musamman a naɗin sama da na ƙasa. Wasu ƙwayoyi, irin su Proteus, suna sauya sinadarin fitsari yadda dutsen zai yi saurin girma. Ramin robar ya toshe, fitsari ya taru a sama, cuta ta sami tafki. Robar kanta ta bushe ta yi tauri, tana iya karyewa gida biyu ko uku. Abin da da minti kaɗan zai ɗauka a cire, sai ya koma tiyata biyu ko uku, a fasa dutsen ƙasa, a huda ta baya a fasa na sama. Wasu kuwa sai an zo a tarar ƙodar ta riga ta mutu shiru, sai dai a cire ta.

Mun san abin da ke hana mutane dawowa: kuɗi, nisa, rashin tsaro a hanya, damina ta kama, ko kuma sauƙin da aka samu. Amma kuɗin cirewa a kan lokaci ɗan kaɗan ne a kan kuɗin cire wadda ta yi dutse. In kuɗin ne matsala, a zo a faɗa, a nemi ofishin walwalar majinyata, ya fi a zauna a gida. Wanda kuma ya riga ya makara, ko da shekara ce, kada kunya ko tsoron faɗa su hana shi zuwa. Hoton eksire na ciki guda ɗaya zai nuna robar da yawan dutsen da ke kanta. Haka wanda aka taɓa yi wa aikin ƙoda kuma ba shi da tabbacin an cire, hoton nan zai raba gardama.

Ina da juna biyu kuma an sa mini. Akwai bambanci?

Akwai. Fitsarin mai ciki na ɗauke da sinadarin kalsiyam fiye da na sauran mutane, don haka robar na saurin yin dutse. Akan canza ta duk mako 4 zuwa 8 har a haihu. Cutar ƙoda na iya tayar da naƙuda kafin lokaci, shi ya sa ake duba fitsarinki a kai a kai, a kuma yi magani ko ba ki jin komai. Wasu magungunan, kamar sifro, ba a ba mai ciki. Ki tabbatar ma'aikatan awo sun san da robar, kuma bayan haihuwa, a cikin hidimar suna da wankan jego, kada a manta da ranar cire ta.

In an kwantar da mutum saboda cutar, me za a yi masa?

Za a ɗebi jini da fitsari don raino, a sa ƙarin ruwa, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ba tare da jiran sakamako ba, daga baya a sauya in gwaji ya nuna wata ta fi dacewa. Za a riƙa auna hawan jini da yawan fitsarin da yake yi, sau da yawa da robar waje don mafitsara ta zauna a sake. Sikanin zai nuna ko robar ciki na aiki. Idan ta toshe ƙoda ta cika da mugunya, magani kaɗai ba ya isa, dole a buɗe hanya: ko a canza robar, ko a huda ta baya a sa bututu kai tsaye cikin ƙodar ya zubo waje. A wannan halin ba a taɓa tsakuwa, sai cutar ta kwanta. Dangi kan yi mamakin a shiga tiyata a fito ba a cire dutsen ba, alhali hakan shi ne daidai. Maganin kan ɗauki mako 1 zuwa 2, kuma a shanye shi duka ko an ji garau.

Yaya ake cire ta, kuma bayan nan an tsira?

Ana zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanyar fitsari bayan an sa man kashe zafi, a kama bakin robar a zaro. Mintuna kaɗan ne, yawanci a koma gida a ranar. Yara da wasu manya akan sa su barci. Mai zare kuwa jan zaren kawai ake yi, a ranar da likita ya sa. In akwai zazzaɓi ko sabon zafin fitsari kafin ranar, a faɗa tun kafin a hau gado.

Bayan cirewa za a iya jin zafin fitsari da ɗan jini na kwana 1 zuwa 2, wasu kuma su ji murɗar kwiɓi na wasu awanni saboda magudanar na ɗan kumbura. A ci gaba da shan ruwa. Dokar zazzaɓi tana nan har kwana 3 zuwa mako guda bayan cirewa, don taɓa robar na iya sakin ƙwayoyin da ke kanta. Ciwon da ya ƙi lafawa, amai, ko rashin fitsari, su ma a koma. Ka nemi a nuna maka robar da aka ciro, a kuma rubuta a katinka cewa an cire ta da kwanan wata. Idan biyu aka sa, ka tabbatar biyu aka ciro.